Sai Tumaki Sun Gama Haihuwa

Tun kafin kowa ya san abin da ke damun Nuala Gilhooly, duk mai zama kusa da ita a coci ya san kwatangwalonta yana kuka. In ta durƙusa sai ka ji ƙiii, kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. In ta miƙe, wani ƙiii ɗin. Mata su sunkuyar da kai suna danne dariya, ita kuwa ta dubi benci kamar shi ne mai laifin. Shekara shida ke nan da aka cire mata gaɓar hagu aka sa ta ƙarfe. Da farko ta ji daɗinta, har rawa ta taka a bikin ɗanta Fintan. Daga baya abin ya juya.

Ciwon a matsematsi ya fara, sannan ya gangara cinya. Wurin ya kumbura ya yi tauri. Bakinta kullum kamar ta tsotsi ƙusa, ko shayi ba ya kore ɗanɗanon. Kafin ta gama wanke kwanonin safe ta gaji kamar wadda ta wuni a gona.

"Tsufa ne," in ji mijinta Malachy. "Ni ma gwiwata haka take, kin taɓa jin na yi ƙorafi?"

Ta ji mana. Duk tsaunin nan babu wanda bai san labarin gwiwar Malachy ba, har karnuka.

Fintan, wanda ya gina gidansa a bakin hanya amma cikinsa bai taɓa ƙaura daga teburin uwarsa ba, ya ce ta ƙara ƙwayar ciwo. Matarsa Orla, mai aikin ofis a gari, ta sayo mata man shafawa mai ƙamshin na'a-na'a, ta kuma gaya wa kowa ta sayo.

Sai kunne ya fara tafiya. Wannan ya fi ciwon ƙafar cin ranta. A zauna cin abincin rana, dankali da kabeji suna tururi, uba da ɗa suna hirar farashin raguna, ita sai dai ta ga baki yana motsi. In sun yi dariya ta bi su da tata, a makare. In ta ce "Me ka ce?" sau ɗaya za a maimaita mata, na biyu sai a ce, "Bar shi kawai, Mama." A hankali ta daina tambaya. A bakin coci mata su ɗaga mata hannu daga nesa, don gulma ba ta da daɗi in sai an yi ta da ihu. Wayar gida ta yi ta ƙara ba ta ji ba. Wanda ya rage yana sauraronta shi ne murhu, sai marayun 'yan tumakin da ake kawo mata cikin kwali kowace shekara ta shayar da kwalba, a durƙushe, bayan kowace awa huɗu.

A watan Nuwamba aka yi jana'izar tsoho Packy Rooney. Bayan an binne shi aka taru a otal ɗin gari shan miya da shayi. Nuala tana zaune ita kaɗai a ƙarshen tebur sai ga wata mace ta taho tana taku rangwaɗa-rangwaɗa, ba sanda. Philomena Dolan ce, wadda gadonta ke kusa da na Nuala lokacin da aka yi musu aiki a mako ɗaya. Philomena tana da murya irin ta mai kiran shanu daga tsallaken kogi, don haka Nuala ta ji ta sarai.

"Nuala Gilhooly, ke ce kika koma haka? Kin yi kama da mai jiran layinta bayan Packy. Yaushe aka cire naki?"

"Aka cire me?"

"Ƙarfen mana. Nawa shekara biyu ke nan. Sun sa mini na tangaran, kin gan ni, ko miji na uku ya fito ina iya binsa da gudu."

"Don me za a cire?"

Philomena ta ajiye kofi. Ta jawo kujera ta zauna daf da kunnenta.

"Ba ki samu wasiƙa ba? Kamfanin da ya ƙera su ya janye irin wanda aka sa mana. Ba shi da kyau, cin mutum yake daga ciki. Duk wanda aka sa wa, asibiti ya rubuto masa ya zo gwajin jini. Wasiƙar rajista ce, har sa hannu ake yi."

"Ni ban ga komai ba."

"Wa ke karɓar wasiƙu a gidanku?"

Nuala ta ɗaga kai ta hango Malachy can wurin masu shan giya, yana kwatanta wa wani girman wani rago da hannu biyu.

Washegari da ya fita duba tumaki, ta tsaya gaban kabad. A samansa akwai gwangwanin biskit da Malachy ke zuba takardun dabbobi. Rabonta da iya hawa kujera an kwana biyu, kuma ya sani. Ta ɗauki sandar tsintsiya ta yi ta zungura har gwangwanin ya faɗo ya tarwatse a ƙasa. Cikin takardun allura da na kasuwa, ga wasiƙu uku da sunanta, duk a buɗe. A bayan ta farko Malachy ya rubuta da fensir lambobin tumakin da suka haifi tagwaye. Ta duba kwanan wata. Shekara biyu da wata takwas.

Ta jera su kusa da farantinsa. Da ya shigo ya gan su, sai da ya wanke hannu, ya zauna, ya ɓare dankali ɗaya ya shafa masa man shanu, sannan ya yi magana. Ta ce ya ɗaga murya, ya dube ta.

"Ranar da ta farko ta zo muna tsakiyar haihuwa. Kin tuna shekarar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce bari a gama in nuna miki."

"An gama."

"Sai askin tumaki ya zo. Sai yankan ciyawa. Ke ma kin san yadda shekara take."

"Ta biyun fa?"

"Ban so in tayar miki da hankali. Ai gwaji suka ce, ba su ce mutuwa ba. Likitocin nan in suka samu mutum ba sa sakinsa sai sun yanka. Su kwantar da ke wata uku, wa zai riƙe gidan nan? Ni don ke na yi."

"Ta ukun fa, Malachy?"

"Miƙo gishiri," ya ce.

A motar haya ta tafi gwajin jini, don ranar ta zo daidai da kasuwar dabbobi. A Janairu aka ɗauki hoton wurin. Likitan ƙashi, wani dogo mai sanƙo, ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta, yana magana a hankali don ta bi bakinsa. Ya dunƙule hannu ɗaya ya sa cikin tafin ɗayan.

"Ƙwallo na ƙarfe, kwano na ƙarfe. Duk takun da kika yi suna gugar juna, garin ƙarfe yana zuba cikin nama, wani yana shiga jini. Na cikin jininki ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Kumburin nan ruwa ne da mataccen nama. Naman da ke riƙe da gaɓar yana mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa."

"Kunnena fa?"

"Yana iya zama shi ne. Ba zan rantse miki ba. Abin da zan rantse a kai shi ne, kowane wata da kika ƙara da abin nan a jikinki, ƙafar ce ke raguwa. Na ba ki sha biyu ga Maris, a cire shi. Da ina da ranar da ta fi kusa da na ba ki."

Ta kawo takardar gida ta manna a jikin firij. Malachy ya tsaya gabanta ya daɗe kamar mai karanta sanarwar mutuwa.

"Sha biyu ga Maris. Mutumin nan ya taɓa ganin tunkiya kuwa? Sha bakwai za su fara zubo 'ya'ya, ɗari biyu da sittin."

"A ɗaga zuwa Mayu mana, Mama," in ji Fintan. "Abin da ya yi shekara shida, mako bakwai ne zai gagare shi?"

"Ni dai ba zan samu hutu a Maris ba," in ji Orla, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

Nuala ba ta cire takardar ba, su ma ba su cire ba. Amma kullum sai ta tarar an manna wata a kanta, yau ta kuɗin wuta, gobe ta mai sayar da dusa.

Ana haka Fintan ya haɗu da ɗan Philomena a gidan mai, ya ji cewa kamfanin ya biya Philomena diyya mai kauri. A daren jiya ƙafar Mama tsufa ce, da safe ta zama zalunci. Shi da kansa ya nemo lauya, ya wanke mota, har matashi ya sa mata a kujera.

Lauyar, Malama Tierney, 'yar siririya ce mai tabarau. Tun da ta gane Nuala ba ta ji sosai, ta daina kallon Fintan, ko da shi ya yi tambaya. Ta riga ta karɓo takardu daga asibiti. Ta ce ƙarar tana da ƙarfi, kuma in an cire ƙarfen kada a bari a yar, shi ne babban mai shaida. Sannan ta zaro wata 'yar takarda.

"Matsala ɗaya ce. Doka ta ba da wa'adi, kuma ana ƙirga shi daga ranar da mutum ya san an cuce shi. Lauyoyin kamfani za su ce kin sani tun ranar da kika karɓi wasiƙar farko, kuma wa'adi ya wuce. Wannan sa hannunki ne?"

Nuala ta duba. Sunanta ne cikakke, da rubutun Malachy mai kama da shingen da iska ta kwantar.

A tsaunin nan haka ake yi tun kakanni. Mai raba wasiƙu ba ya hawa lungun gona ya lalata tayarsa. A bakin hanya yake tsayawa, ya miƙa wa namijin da ya tarar, namiji ya rubuta sunan da ke kan ambulan, a yi hirar ruwan sama, a rabu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da wani suna.

"Na mijina ne," ta ce.

"To sai ya rantse a rubuce cewa shi ya sa hannu, shi ya ajiye, ke ba ki gani ba sai Nuwamban nan. In ya yi haka, wa'adinki bai daɗe da farawa ba."

Fintan ya sosa ƙeya. "Babu wata hanya? A ce mutum ba ya cikin hayyacinsa lokacin, misali. Mantuwa, irin ta tsofaffi."

"Wa'adi ba ya tafiya a kan wanda likita ya tabbatar ba ya iya gudanar da al'amuransa," in ji lauyar. "Amma mahaifiyarka ta fi ka bin abin da nake faɗa." Ta miƙa wa Nuala katinta a hannu, ba ta ajiye a tebur ba.

Da Malachy ya ji, har kunnensa ya yi ja.

"In rantse da Littafi Mai Tsarki cewa na yi sa hannun jabu? A karanta a kotu, a buga a jaridar gari, ni da nake zagawa da farantin baiko a coci ran Lahadi? In shiga kasuwa a ce ga wanda ya ɓoye wa matarsa takardar asibiti?"

"Ba ka ɓoye ba?" Nuala ta tambaya.

"Ajiyewa na yi."

Daga makon nan gidan ya sake. Ba wanda ya daka mata tsawa, ba wanda ya zage ta. Lallashi ma aka ƙara. Sai dai duk abin da ta yi akwai mai lura. Ta bar buta a kan wuta har ta ƙone, don ba ta ji kukanta ba. Orla ta rubuta a wayarta. Ta kira kare da sunan wanda ya mutu bara. Orla ta rubuta. Ta nemi tabarau alhali yana kanta, Fintan ya dubi ubansa ya girgiza kai cike da tausayi.

"Mama, kin tuna jiya na gaya miki za mu je gidan su Orla?"

"Ba ka gaya mini ba."

"Na gaya miki har sau biyu."

Wataƙila ya faɗa ɗin tana juye da baya. Wataƙila bai faɗa ba. Ba ta da wanda za ta tambaya. Da rana in gida ya yi shiru sai ta zauna bakin murhu tana gwada kanta. Ta jero sunayen 'yan ajinsu na firamare. Ta jero gonakin da ke tsakanin gidansu da coci, da masu su, da waɗanda suka sayar suka tafi Ingila. Duk suna nan. Amma in ta zo miƙewa ƙafar ta ƙi ɗaukarta, sai ta fara tunanin ko kan ma haka yake, yana tafiya ba ta sani ba. Yanzu ba ta iya hawa bene sai da zaune, mataki-mataki, da baya. Ta daina zuwa coci. Fada, limamin cocin, ya aiko da gaisuwa ta bakin Malachy, in ma ya aiko.

Abin da ba su lissafa ba, shekara biyu tana kallon bakunansu. Wata rana tana jiƙa burodi a miya, Fintan ya karkata wajen ubansa ya rage murya. Ba ta ji ko harafi ba, amma leɓɓansa suna gabanta.

"Na samo mata ganin likitan ƙwaƙwalwa, ashirin ga wata. In ya sa hannu, ka huta da rantsuwa, kuɗi ya fito. Ranar aikin ma mu za mu zaɓa."

"Mayu," in ji Malachy.

"Ko bayan aski."

Ta ci gaba da jiƙa burodinta har ya narke a cikin kwano.

Waya ba ta da amfani gare ta. Don haka washegari ta rubuta wasiƙu biyu, ɗaya ga Philomena, ɗaya ga lauya. Ta jira maza suka hau tsauni, ta sa babbar riga, ta kama sanda. Daga ƙofar gida zuwa bakin hanya tafiyar minti uku ce ga mai lafiya. Ta yi rabin awa, tana dafa shinge, tana tsayawa kowane taku goma ana yayyafi a kanta. Da motar wasiƙu ta iso, Hughie mai rabawa ya leƙo yana mamaki.

"Uwargida Gilhooly da kanki? Ina maigidan, ko ya gudu da wata?"

"Wa zai ɗauke shi? Riƙe waɗannan, ka sa su da hannunka."

"An gama."

"Kuma daga yau, duk takarda mai sunana, ka hau lungun nan ka sa ta a tafina. Ko taya huɗu za ka fasa."

Hughie ya yi 'yar dariya, ya ga ba ta yi ba. "Shekara ashirin ina ba Malachy. Ba wanda ya taɓa cewa komai."

"To yau an ce."

Komawar ta fi zuwan wuya. A tsakiyar lungu ƙafar ta lanƙwashe, ta zauna cikin taɓo. Ba gida kusa, ba mai wucewa, sai tumaki masu ciki da suka taru a bakin shinge suna kallonta suna tuƙa. Ta zauna har ruwa ya ratsa rigar, sannan ta ja jiki zuwa wani dutse ta dafa ta tashi. Da Orla ta ga rigar a rataye da yamma, ta rubuta cewa surukarta ta fara fita yawo ba dalili.

Ran sha ɗaya ga Maris da hantsi, motar Philomena ta shigo tsakar gida tana hon kamar ta ɗauko amarya. Nuala ta fito da 'yar jaka. Wasiƙun nan uku suna cikin aljihunta. Malachy ya leƙo daga garke, hannunsa duk jini har gwiwar hannu, wata tunkiya ta riga lokacinta.

"Ina zuwa?"

"Asibiti. Gobe sha biyu."

"Ai mun ce Mayu."

"Kun ce."

"Nuala, ki yi wa Allah. Ga ɗaya ta haifi uku, ba ta da nono. Wa zai shayar da su?"

"Kwalabe suna cikin kwanon wanki, na tafasa su."

"Sannu, Malachy," in ji Philomena ta tagar mota. "Ka yi ƙiba. Zo ka riƙe mata ƙofa mana, ko hannun sai sa hannu ya iya?"

Bai zo ba. Philomena ce ta fito ta ɗaga mata ƙafar ta sa cikin mota.

Aikin ya ci awa biyar. Bayan kwana biyu likitan ya zo ya zauna a bakin gadonta, ya fuskance ta kamar yadda ya saba. Ya ce an cire, an sa sabo. Ya ce tsohon yana cikin leda a kulle da sunanta, kamar yadda lauya ta nema. Sannan ya ce abin da suka tarar a ciki baƙi ne kamar toka da ruwa, sun kwashe abin da ya mutu, kuma abin da ya rage na naman da ke ɗaga ƙafa bai taka kara ya karya ba.

"Zan yi tafiya?"

"Da abin dafawa mai ƙafa huɗu. Cikin ɗaki, bakin ƙofa. Ba na jin za ki sake shi."

"Da na zo lokacin wasiƙar farko fa?"

Ya duba takardunsa, ya gyara su, ba abin da ya same su. "Da kin fita da ƙafarki," ya ce.

Malama Tierney ta zo ran Juma'a da littafinta. Nuala ta ba ta wasiƙun, ta faɗi komai daga gwangwanin biskit har zuwa likitan ƙwaƙwalwa, da ranaku, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Lauyar ta ce za a iya kiran Malachy ya amsa ko yana so ko ba ya so, da Hughie, amma ta sani kotu ba ta da tabbas, kuma gida zai yi zafi. Nuala ta karɓi alƙalami ta rubuta sunanta a ƙasa, a hankali, harafi-harafi.

Aka mai da ita gidan jinya a gefen gari don koyon tafiya. Ɗakinta yana kallon wurin ajiye motoci. Philomena tana zuwa ran Laraba. Sauran ranakun sai ma'aikata, da talabijin da ba ta ji. Fintan ya aiko da kati mai hoton fure, Orla ce ta rubuta. A ƙauye kuwa labari ya gama gari cewa Nuala Gilhooly ta tafi ta bar mijinta da tumaki ɗari biyu da sittin, kuma tana shirin kai shi gaban alƙali. Masu faɗar haka su ne dai masu danne dariya a coci. Zancen wasiƙu uku ba ya cikin labarin, don kowace tana da miji mai tsayawa bakin hanya.

Sai da aka yi mako biyar Malachy ya zo, ran Lahadi, cikin kwat ɗinsa na coci, da ledar inabi. Ya zauna ya ɗora hula a gwiwa. Ya dubi abin dafawar da ke jingine da gado, ya kawar da kai.

"Kin yi haske," ya ce da ƙarfi.

"Rashin rana ne."

"Abinci fa?"

"Ana ci."

Ya ciri inabi ɗaya ya ci. Ya ce matar nan mai tabarau ta aiko masa da takarda, amma ba yau za a yi wannan maganar ba. Ta ce to. Daga nan, don ba ta da wani abin tambaya, ta ce yaya haihuwa.

Nan fuskarsa ta washe.

"Ba mu taɓa yin shekara irin wannan ba. Marayu goma sha huɗu, ko ɗaya bai mutu ba."

"Wa ya shayar da su? Orla?"

"Orla? Wa ya ga Orla a garke. Ai kwana biyu da tafiyarki Fintan ya shiga kantin manoma ya sayo wani bokiti. Ba ki gan shi ba, mai kan nono shida a jiki. Ka cika shi da madara safe da yamma, ka rataye, su sha da kansu. Ba durƙuso, ba komai. Kuɗinsa bai kai na buhun dusa biyu ba."

"Sabon fitowa ne?"

"Ina. Ya fi shekara goma ana sayar da shi. Su Rooney tun tuni suke da nasu."

"Ka san da shi ke nan."

"Kowa ya san da shi." Ya sake cirar inabi. "Da dai ba mu buƙace shi ba ne."

Ta dube shi. Yana tauna, hankalinsa kwance, bai ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

Ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokacin koyon tafiya ya yi. Ta jawo abin dafawar, ta kama Nuala ta hammata ta tsayar da ita. Malachy ya tashi ya ce bari ya kama hanya, akwai ragowar guda shida da ba su haihu ba. Ya fita ya bi baranda da saurinsa, gwiwar nan tasa ba ta ce komai ba. Nuala ta tura ƙarfen gaba, ta jawo ƙafar hagu ta bi shi. Jiya taku goma sha ɗaya ta yi. Ma'aikaciyar ta ce in ta dage, kafin ƙarshen wata za ta iya kaiwa bakin taga.